Wa zai tsaya wa malaman makarantun kuɗi?

Ƙanwata tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin birnin Kano, shekara huɗu ke nan. Tana da takardar NCE, ita ke riƙe da aji uku na firamare, kuma albashinta naira 25,000 ne. Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara ta biyo ta gidana, idonta ya yi ja saboda kwana ukun da ta yi tana cike katin sakamakon yara. Ta ce, "Yaya, watan Agusta fa babu ko sisi. Hajiya ta ce tunda yara ba sa zuwa, da me za ta biya mu?" Na tambaye ta ko haka aka rubuta a takardar ɗaukarta aiki. Ta dube ni ta ce, "Wace takarda? Da baki aka ce in fara ran Litinin."

Muka zauna muka yi lissafi. Adaidaita sahu naira 300 zuwa, 300 dawowa, a kwana 22 na aiki ya tashi 13,200. Fiye da rabin albashin ya tafi a hanya tun ba a zo kan sabulu da abin kari ba. Ranar da ta makara da minti goma kuma a yanke mata 500. Jan biron da take duba aikin yara da shi ma daga aljihunta yake fita. Wannan ita ce wadda yara ke rugowa suna kira "Anti, Anti", wadda iyaye suka damƙa wa amanar 'ya'yansu daga safe har azahar.

A watan Yulin 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, gwamnatin Kano ma ta amince da 71,000 ga ma'aikatanta. An yi ta murna, kuma murnar ta dace, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka fi ƙarfin talaka. Sai dai dokar tana da wata kafa da ba a cika maganarta ba: duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta hau kansa ba. To, makarantu nawa ne a lungunanmu suke da malamai 25? Yawancinsu gidan haya ne mai ɗaki shida ko takwas, da malamai goma sha wani abu. Ta wannan kafar dubban malamai suka zube ƙasa. Manyan makarantun da dokar ta shafa kuwa, waɗanda kuɗin zangonsu ɗaya ya ninka albashin malami sau da yawa, wa ya taɓa zuwa ya buɗe littafin albashinsu ya duba?

Zaluncin ma tun daga bakin ƙofa yake farawa. Mai neman aiki zai kai takardunsa, a ce ya zo ya koyar na sati biyu ko wata guda "a ga kamun ludayinsa", ba tare da an ba shi ko kuɗin mota ba. Wani in ya gama sai a ce za a neme shi, shi ke nan an ci guminsa. Wanda aka ɗauka kuma ba a ba shi komai a rubuce, alhali dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku ya cika. Rashin takardar nan ba mantuwa ba ce. Wanda ba shi da takarda, ko ya je Kotun Ɗa'ar Ma'aikata da me zai kafa hujja? Idan kuma ya buɗe baki a ofis, amsar guda ce: "In ba ka so, ga takardun masu nema can jibge."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake fakewa da addini. Da malami ya yi ƙorafi sai a ce masa ai koyarwa aikin lada ne, ya yi haƙuri, sakamakonsa na lahira. Gaskiya ne akwai lada. Amma addinin da ya yi alkawarin ladan shi ne ya zo da hadisin da ke cewa a ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Mai makarantar da ke korar yaro gida saboda bai cika kuɗin zango ba, bai taɓa cewa uban yaron ya bari sai a lahira ba.

Ban ce duk masu makarantu azzalumai ba ne. Na san waɗanda ke cin bashi su biya malamai, ga kuɗin haya, ga haraji iri-iri, ga iyayen da sai zango ya ƙare suke kawo rabin kuɗi. Mu ma iyaye muna da namu laifin, muna son makaranta mai araha, ba ma tambayar a wuyan wa arahar take sauka. Amma wahalar mai makaranta ba ta halatta masa ya sauke nauyin a kan wanda ya fi kowa rauni a gidan ba. Kuma yaranmu ne ke kwasar asarar. Malamar da ta samu sana'ar POS ko ɗinki da ta fi albashinta, gobe za ta ajiye alli, yaro ya ga malamai uku a shekara ɗaya.

Ƙungiyar malamai ta NUT ƙarfinta a makarantun gwamnati yake, masu makarantun kuɗi kuma suna da tasu ƙungiyar, NAPPS, mai magana da yawunsu. Malamin da ke tsakani shi ne maraya. Ni a ganina gyaran yana hannun gwamnatocin jihohi, ba sai an jira Abuja ba, domin su ke ba makarantun nan lasisi, su ke sabunta shi. Jami'in da ke zuwa duba banɗaki da girman aji, ya riƙa neman abu biyu kafin ya sa hannu: takardar ɗaukar aiki ta kowane malami, da shaidar an biya albashin wata goma sha biyu, har da watan hutu. Makarantar da ta kasa kawo su, a dakatar da lasisinta har sai ta kawo.

Ƙanwata dai ta koma aji a watan Satumba, da bashin naira 18,000 na mai shagon unguwarsu a kanta, kuma har yau ba a ba ta takardar ba.