Bangon katako a zafin Saudiyya: a waje ake sa masa riga

Ginin katako ba na nan ƙasar ba ne. Saudiyya ƙasar bulo da kankare ce, kafin nan kuma ta laka ce a Najadu, ta dutsen teku a tsohuwar Jidda. Amma katakon ya shigo ta bayan gida: ɗakin da ake ɗorawa a saman bene, wanda suke kira mulhaƙ, ɗakunan istiraha, wato gidajen hutu, a bayan gari, ofisoshin wucin gadi a wuraren gini. Ba shi da nauyi, yana tashi da wuri. 'Yan uwanmu da ke aikin hannu a nan sukan sami irin wannan aiki, kuma yawanci salon da ake kwaikwaya na Amurka da Kanada ne, inda katako shi ne ginin kowa. A ganina rabin salon ake ɗaukowa, kuma a cikin rabin akwai abin da bai dace da iskar nan ba.

Abin da aka saba shi ne a tsayar da ginshiƙan katako masu kaurin milimita 38 da faɗin 89, tsakaninsu santimita 40 ko 60, a cusa azil a tsakani, a rufe ciki da allon jibs, waje da filawud, a ce an gama. Azil shi ne abin da ke tare zafi, audugar dutse, wadda ake yi da narkakken dutse, ko falin, farin soson nan mara nauyi. To ai ginshiƙan ba su shiga rigar ba. Katako yana wuce da zafi fiye da audugar dutse sau uku da ɗoriya, kuma in ka haɗa ginshiƙai da katakon sama da na ƙasa da na gefen ƙofa da taga, sukan cinye kashi ɗaya cikin biyar na bangon, wani lokaci har ɗaya cikin huɗu. Ka ɗora tafin hannu a bangon yamma bayan la'asar, ka ja shi a hankali: sanyi, ɗumi, sanyi, ɗumi. Kowane ɗumi ginshiƙi ne. Idan kuwa da siririn ƙarfe aka yi ƙashin ginin, abin ya fi muni nesa ba kusa ba.

Maganin shi ne a lulluɓe bangon daga waje da azil wanda bai yanke ba, ya rufe ginshiƙi da abin da ke tsakaninsa. Santimita biyar na audugar dutse sun fi bango biyar na bulo mai rami tare zafi. A ƙasar da ake biyan halala 18 (halala 100 ne riyal ɗaya) kan kowane kilowat na awa har zuwa 6,000 a wata, halala 30 in an zarce, kuma mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ne ke shan mafi yawan wutar gida, wannan ba ado ba ne.

Aikin yana farawa daga filawud ko allon ɓarzajjen katako, kaurin milimita 11 ko 12, a kafe shi sosai. A kansa sai shimfiɗar da ke tare ruwa da iska. Daga ƙasa ake fara liƙa ta a haura, na sama ya hau kan na ƙasa da santimita 10 zuwa 15, kamar ɓawon kifi. Wanda ya fara daga sama ya yi wa ruwa mazurari zuwa cikin bango. A taga ma haka: a fara da dandamalin ƙasa, sai gefe biyu, sai kai a ƙarshe. Duk ramin waya da na bututun mukayyif a toshe shi tun a wannan mataki, don in allo ya hau ba mai sake ganinsa.

Sai azil ɗin. Idan audugar dutse ce, a nemi mai tauri, mai nauyin kilo 100 zuwa sama a kubik mita, ba lallausar nan ta cikin bango ba, wadda sukuru zai lotsa. Ana jera allunan kamar jerin bulo, gaɓa kada ta hau kan gaɓa, a matse su har ba inda yatsa zai shiga. A kansu sai sirararan katako na tsaye, milimita 25 da 50, kowanne daidai kan ginshiƙi. Nan ne da yawa ke tafka kuskure, domin ginshiƙin ya ɓuya, ana ɗaura sukuru ne da ka. Tun kafin a rufe, a sa alamar kowane ginshiƙi a ƙasa da sama, a ja zare. Tsawon sukuru lissafi ne: 25 na siririn katako, 50 na azil, 12 na filawud, 40 da zai nutse cikin ginshiƙi, kenan milimita 127, a ce 130. Wanda ya tsaya a filawud ba abin da yake riƙe da shi, wata rana allon waje zai fara zamewa ƙasa, gaɓoɓinsa su buɗe. A Jidda da Yanbu da Dammam kuma sai wanda ba ya tsatsa, iskar teku ba ta da mutunci. A ƙarshe allon siminti ko wani abin rufewa, mai farin launi ko ruwan ƙasa mai haske. Ratar nan ta milimita 25 da ke bayansa kada a toshe ta. A sa mata ragar ƙwari sama da ƙasa, iska ta riƙa hawa tana fita da zafin.

Ga ɗaki mai mita huɗu da biyar, tsayi mita 2.7, ƙofa ɗaya, taga biyu, bangon zai kai murabba'in mita 44. Allon azil mai santimita 120 da 60 guda 61 zai ci, a sayi 67 saboda yanka. Siraran katako kamar 40 in ginshiƙai na kan santimita 60, sukuru kamar 300 in ana sa ɗaya duk santimita 40.

Yanzu ga inda kwaikwayo ke yin ɓarna. A Kanada ana shimfiɗa leda a bayan allon jibs, ta cikin ɗaki, kuma suna da gaskiya: ɗakinsu ne mai ɗumi da laima, waje ƙanƙara, tururin daga ciki yake neman fita. A gaɓar Bahar Maliya abin a juye yake. Waje ne mai zafi da laima, ɗaki ne mai sanyi. Dubi kwalbar ruwan sanyi da aka fito da ita daga firji a watan Agusta a Jidda, kafin ka biya kuɗi ta jiƙe maka hannu. Haka bayan wannan leda yake zama idan an saita mukayyif a 18. Iskar waje ta shiga bango, ta tarar da leda mai sanyi, ta zama ruwa, ya gangara kan katakon ƙasa. Farko wari, sai baƙin tabo a gindin bango, sai katakon ya fara karɓar farce. Takardar bango mai roba ma aikin ledar take yi. Don haka a bakin teku shingen tururi a waje yake, kan filawud, ciki kuma a bar shi da jibs da fenti na ruwa, bango ya samu inda zai bushe. A Riyad iska busasshiya ce, ƙura ce abokiyar gaba, toshe kafofi ya fi komai. A Abha, sama da mita 2,000 kan tsauni, ga hazo ga sanyi, shimfiɗa mai numfashi, wadda ke barin tururi ya wuce, ta fi.

Tsakanin falin da audugar dutse, a bangon katako ni ina bayan audugar. Falin ya fi araha, ya fi sauƙin yanka, amma yana fara laushi in zafi ya doshi digiri 80, kuma baƙin allo a ranar Yuli yana iya kusantar hakan. Fetur da tina da kwalta mai narkakken mai suna cinye shi, rana tana mai da fuskarsa gari in an bar shi a buɗe. Gara ba ta cinsa, amma tana haƙa hanya a cikinsa ta haura ba a gani ba, shi ya sa ake barin santimita 15 tsakaninsa da ƙasa. Uwa uba yana cin wuta, rata mai iska kuma bututun hayaƙi ce. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta kashe mutum 72, ta bayan rufin waje ta haura. Audugar dutse sai ta wuce digiri 1,000 take narkewa.

Can gida ƙasar Hausa kuwa, lissafin daban ne, kuma masu aika kuɗi a yi musu gini su ji wannan. Soron tubali da azara ba tare zafi yake yi ba, jinkirta shi yake: kaurin bango ya sha rana, sai dare ya sako, lokacin mutane na tsakar gida. Mun bar shi mun koma bulo inci shida da kwano, ba kauri ba riga, ga wutar da ba ta tsayawa. Bangon katako a Kano ko Maraɗi sai shago da kes, kuma da gara da ruwan Agusta mai zuwa a karkace ba zan ba kowa shawarar ɗakin kwana da shi ba. Abin ɗauka shi ne tsarin. Azil a bayan bulo, ta waje, yana barin bulon ya riƙe sanyin dare. Amma inda ba mukayyif dole a buɗe tagogi da dare a rufe da hantsi, in ba haka ba rigar ta tsare zafin a ciki. In kuɗin bai kai ba, a fara da saman silin, don a gida mai hawa ɗaya ta kwano zafi ya fi shigowa, sannan bangon yamma. Shi ma ko allo kawai aka sa masa a gaba da ratar santimita biyar mai buɗaɗɗen sama da ƙasa, ranar la'asar ba za ta taɓa bulon ba.