Abokinmu Ya Tafi Ingila, Mu Kuma Muka Mayar da Shi Banki

Mu takwas ne a majalisarmu ta teburin mai shayi a unguwar Agege ta Legas, can bayan layin dogo. Kusan shekara shida muna haɗuwa bayan isha'i. Akwai mai sayar da kayan waya a Computer Village, akwai 'yan tumatir da albasa na Mile 12 su biyu, da direban tirela mai lodi a Apapa, da tela, da ɗalibai biyu, sai ni. Kowa ya kwaso gajiyar gosulo ya zo ya zube a benci, a soya indomi da ƙwai, a yi ta musun ƙwallo har mai shayi ya fara kife kofuna. Yau mu biyar muka rage. Ɗaya ya koma Kano ya yi aure, ɗaya yana Saudiyya, ɗaya kuma yana Ingila. A kan na Ingilan nake son yin magana, don abin ya daɗe yana ci mini rai.

A watan Satumban 2023 ya tafi karatun digiri na biyu. Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Fili aka sayar a garinsu, yayansa ya ƙara da abin da ya tara, sannan aka iya haɗa kuɗin makaranta da na biza. Mu muka raka shi filin jirgin Murtala Muhammed, muka rungume shi, muka ce ba za mu bari zumunci ya mutu ba.

Bayan ya haura shekara da tafiya, wani dare cikin Disamba, ana musu a teburi sai wani ya faɗi irin maganar da shi ya saba faɗa. Na tuna shi, na koma gefe na kira shi. Muka gaisa, na tambayi karatu, na tambayi sanyi. Sai ya yi shiru, can ya ce, "To mutumina, ina jin ka." Na ce ai babu komai, gaisuwa ce kawai. Ya ce, "A'a, kada ka ji nauyi, faɗi. Nawa ne?"

Wallahi jikina ya yi sanyi. Da na rantse masa cewa muryarsa kawai nake son ji, sai da ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya gaya mini cewa wata uku ke nan, in ban da mahaifiyarsa, babu wanda ya kira shi daga gida ba tare da gaisuwar ta ƙare da "akwai wata 'yar magana" ba.

A daren na buɗe hirarmu ta WhatsApp na koma sama ina karantawa. Sau uku na nemi kuɗi a wurinsa: da wayata ta fashe, da kuɗin haya ya matse ni, da bikin ƙanwata. Duk ukun ya turo. Abin da ya fi ba ni kunya, tsakanin roƙo da roƙo babu wata hira ta kirki. "Ya sanyi?" "Ya turawa?" Shi ke nan. Mutumin da muke raba kofin shayi ɗaya da shi in aljihu ya bushe.

Na san dalilin da ya sa muke haka, kuma ba zan ce mutane mugaye ne ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, rayuwar Legas ta koma wani abu daban. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, fam ɗaya na Ingila ya wuce naira dubu biyu. Kuɗin danfo, motocin hayar Legas, ya ninka, buhun shinkafa ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, masu gidaje suna neman hayar shekara a dunƙule. To a irin wannan hali, in ka ji abokinka na karɓar fam goma da wani abu a awa ɗaya, kai tsaye ƙwaƙwalwarka za ta buga lissafi da naira. Sai ka ga ai fam hamsin ba komai ba ne a wurinsa, alhali kai zai rufa maka asiri na mako biyu.

Amma mu albashinsa kaɗai muke juyawa zuwa naira. Ba ma juya kuɗin ɗakinsa, ba ma juya kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki, ba ma juya ragowar kuɗin makarantar da ke kansa. Shi da ya tafi da lissafin tsohon canji, naira ta faɗi bayan ya sauka, abin da aka tanadar masa a gida ya zama rabi. Kuma a Ingila, ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje doka ba ta yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu. A gidan kula da tsofaffi yake aikin dare, yana ɗaga su, yana canza musu shimfiɗa. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Ya ce akwai ranar da zai wuni bai furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. Ya yi sallar idi, ya cire kaftani, ya sa kayan aiki ya tafi. Kallon kitse muke wa rogo.

Ban gane nauyin wannan magana sosai ba sai da ni ma na ɗan taka waje. Wani ɗan kasuwa da nake wa aiki ya tura ni Akra, kwana tara. Ta mota na bi: daga Mile 2 zuwa Badagry, aka tsallaka Seme, aka ratsa Kwatano, aka wuce Lome, aka shiga Ghana ta Aflao. Babu biza, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta ba mu damar zama har kwana 90. Fasfo ne da katin rigakafin shawara. Af, ina ba duk matashin da ke da hali shawarar ya yi wannan tafiyar ko sau ɗaya. Mun ɗauka fita waje sai Dubai ko Landan, alhali kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja fataucin goro da ƙafa da jakuna, sun kafa zango-zango tun daga Salaga har Kumasi.

A unguwar Nima na sauka. Da safe ga koko da ƙosai, da rana ga shinkafa da wake da suke kira waakye, sunan ma daga waken namu aka samo shi. Na yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Ko'ina Hausa ake yi, sai dai tasu da ɗan bambancin lafazi, har suna cewa tawa ta yi zurfi. Dattijon da aka haɗa ni da shi bai taɓa ganina ba, amma ya ba ni ɗaki, ya sa yaronsa ya zaga da ni kasuwa, da na ciro kuɗi ya ɓata rai ya ce, "Ɗana, a nan ba a yi wa baƙo haka."

Duk da wannan karamci, a dare na huɗu zazzaɓi ya kama ni. Ina kwance ni kaɗai a ɗaki, fanka na juyawa, ina jin hirar mutane a tsakar gida amma babu muryar da na sani. Na ɗauki waya ina fatan in ga wani ya tambaye ni ya nake. Saƙo biyar na tarar. Biyu na cewa kada in manta da tsaraba, ɗaya yana son atamfa, ɗaya yana tambayar farashin sidi, wato kuɗin Ghana, ɗaya ya turo lambar asusu. Ina nan kusa, cikin Hausawa, kwana huɗu kacal da barin gida, amma hawaye suka zo mini. Nan na tuna wanda yake can cikin dusar ƙanƙara wata da watanni.

Ba tsaraba nake zagi ba. Tsaraba al'adarmu ce mai kyau, ko goro ɗaya ne yana nuna an tuna da kai a hanya. Ba kuma cewa nake kada a nemi taimakon aboki ba. In aboki bai rufa maka asiri ba wa zai rufa? Ni da kaina gobe in na shiga matsi zan iya neman sa, ba zan ɓoye ba. Abin da nake ƙi shi ne ya zama roƙon ne kaɗai igiyar da ta rage tsakaninku. Mun taso ana ce mana zumunta a ƙafa take. Yanzu da ƙafar ba za ta kai ba, wayar ce ta maye gurbinta, mu kuma muka mayar da wayar ƙoƙon bara.

Su ma na wajen suna da nasu laifin, kuma na faɗa masa a kunnensa. Ka sa jaket mai kyau ka tsaya gaban jar bas ɗin Landan ka ɗau hoto ka ɗora a Instagram, ba ka taɓa nuna ɗakin da kuke cunkushe ba, ba ka taɓa cewa ka kwana da yunwa ba, to me kake so wanda ke rataye a ƙofar danfo daga Oshodi ya ɗauka? Wannan ɓoye wahalar ne ke sa ƙannenmu na sayar da babur da keken ɗinki suna miƙa wa dillalan biza, don kowa na son ya yi abin da Yarbawa ke kira japa, wato tserewa zuwa ƙasar waje. Ya ce kunya ce. An sayar da fili dominsa, ta yaya zai ce wa gida yana shan wuya? Na fahimce shi. Amma in ba za ka iya gaya wa iyaye ba don kada hankalinsu ya tashi, ai don irin wannan ranar ake yin aboki.

Tun daga lokacin muka canza wani abu a majalisa. Duk daren Lahadi, in ba ya aiki, sai mu jingina waya da gwangwanin madara mu kira shi ta bidiyo. Ba a maganar kuɗi a wannan kiran, mun yi alkawari. Ya ji ƙarar jirgin ƙasa na wucewa, ya ji ana sarar burodi, ya shiga musun ƙwallo yana ɗaga murya kamar yana kan bencin. Na Saudiyya ma mun fara sa shi a ciki. Telan majalisarmu ya ɗinka masa kaftani, muka haɗa kuɗi muka sayo masa yaji da kuka da daddawa, muka ba wani mai tafiya ya kai masa. Karo na farko ke nan da wani abu ya tashi daga wurinmu zuwa wurinsa.

Makon jiya mai shayinmu, dattijo ne ɗan Tahoua da ba ya yawan magana, ya leƙo fuskarsa cikin wayar ya ce, "Yaro, ka rame. Kana cin abinci kuwa?" Abokina ya buɗe baki zai amsa, muryar ta ƙi fita. Ya juya kyamarar ta kalli silin, muka zauna muna jiran sa, shayinmu na hucewa.