"Babu gado", a ƙofar asibiti uku cikin dare ɗaya

Daren Talata bakin Mma ya karkace, magana ta ƙi fita, hannun dama ya saki. Ƙarfe 11 muka saka ta a tasi daga unguwar Nima da ke Accra, Ghana. A asibitin farko ko sauko da ita ba a bari mun yi ba, nas ta leƙo ta tagar mota ta ce babu gado. Na biyu ma haka. A na uku sai da na yi ta magiya kamar mai bara kafin a karɓe ta, a kan kujerar roba. Tsohuwa 'yar shekara 68, ƙanena tsaye a kanta riƙe da ledar ƙarin ruwa har asuba, don ko ƙarfen ratayewa babu!

Wallahi ba nas-nas nake zargi ba, na ga yadda suke gudu har ƙafa ta kumbura. Tsarin ne ya ruɓe. Kusa da mu akwai wani dattijo, kwanansa uku a ɗakin gaggawa. Tun ranar farko likita ya rubuta a kai shi ɗakin kwanciya, can kuma a cike. Wasu da ke can an sallame su, kuɗin asibiti ya riƙe su, wasu suna jiran sakamakon gwaji ko sa hannun babban likita. Ƙofar fita ce a toshe, ta ina mai shigowa zai samu wuri?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba yau aka fara ba. A 2018 wani dattijo ɗan shekara 70 ya cika a cikin mota a nan Accra, bayan asibiti bakwai sun mayar da shi. Aka yi ta surutu a rediyo har majalisa, ƙura ta lafa. A 2020 aka raba motocin ɗaukar marasa lafiya 307, aka ce mu kira 112. To, motar ta ɗauke ka ta kai ka ina, tunda direban ma bai san inda gado yake ba?

Ƙasar da mai sayar da koko ke karɓar kuɗi ta waya, a ce an kasa haɗa asibitocin birni ɗaya su san wa ke da gado a daren nan? A sallami wanda ya warke tun da safe, a bi bashin daga baya. A bar ƙananan asibitocin unguwa da likita da ɗakin gwaji cikin dare, mai zazzaɓi ya tsaya can, kada ya zo ya tare wa mai shanyewar jiki layi. Katin inshorar lafiya na NHIS muna sabunta shi, haraji muna biya, ba sadaka muke roƙo ba.

Da likita ya iso kan Mma da hantsi, tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa abin ya fara. Na faɗa masa, ya yi shiru. Yau kwana tara ke nan, ni nake ba ta koko a baki.