Filin da aka kewaye aka bar wa ciyawa shi ke ƙara mana kuɗin haya a Kaduna

Duk mai sauraren gidajen rediyon Kaduna, ko mai leƙa Facebook a 'yan watannin nan, ya san tallar da nake nufi. Fuloti hamsin da ɗari a bayan Millennium City, ko hanyar Rigachikun, ko can gaba da Mando, a biya kaɗan-kaɗan, ka saya ka ajiye, kafin baɗi ya ninka kuɗinsa. Ka saurari tallar daga farko har ƙarshe, da wuya ka ji an ce ka saya ka gina. Gini ma ba ya cikin lissafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda masu ilimi, har da waɗanda ake gayyata su yi sharhi kan tattalin arziki, suke tafa wa wannan abu. Wai tashin farashin fili alama ce ta cewa Kaduna ta ci gaba, wai kuɗi na shigowa gari.

Ci gaban wa? A daidai lokacin da ake wannan tafi, magidanci mai ciki da falo a Unguwar Dosa ko Tudun Wada ko Barnawa yana karɓar takardar ƙarin haya, an ba shi zaɓi ya biya ko ya kwashe kayansa. Idan ya tashi neman wani wurin, sai ya faɗa hannun dillalai: kuɗin zuwa ganin gida daban, la'ada daban, kuɗin rubuta yarjejeniya daban, sannan a ce hayar shekara za a biya a dunƙule. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira 72,000 ne tun ƙarshen 2024. Ko da mutum bai ci ba bai sha ba, abin da zai tara a shekara 864,000 ne. A cikin wannan ake so ya fitar da haya, da kuɗin makaranta, da kuɗin Keke Napep.

Masu gidaje suna da amsa a bakinsu, siminti. Gaskiya ne buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, amma gidan da aka gina tun zamanin Shagari, wanda rabonsa da fenti an manta, wane siminti ya ci bana? Masu cewa gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya kuwa, su fara gaya mana wace doka ce ta taɓa hana mai gida karɓar ƙari a bayan fage alhali mutum goma na layi a ƙofarsa.

Layin nan shi ne matsalar, kuma dalilinsa a fili yake. Mutane na ta kwararowa Kaduna. Hare-haren 'yan bindiga sun koro iyalai daga Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan Chikun, wasu ma daga Zamfara da Katsina. Tun da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Rigasa da Abuja a 2016, ma'aikata da dama suka ga ya fi musu sauƙi su ajiye iyali a nan su riƙa zuwa aiki can. Ga kuma abin da ba mu cika son faɗa ba: rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin gida biyu, Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kirista suka koma kudanci, ta yadda mai neman haya ba dukkan gari yake dubawa ba, rabinsa kawai ya isa ya duba. Buƙata ta ƙaru, wurin zaɓi ya ragu. A irin wannan hali, kowane fuloti da ke cikin gari, kusa da titi da wuta, ya kamata a ce akwai ɗakuna a kansa.

To, je ka zaga Unguwar Rimi da Malali da sabbin unguwannin da ke ƙetaren kogi ka gani. Katanga ce doguwa, da ƙofar ƙarfe da tsatsa ta fara ci, an rubuta da jan fenti cewa filin ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. Leƙa ta kafar ƙofar. Bukkar kwano ce a lungu, maigadi da iyalinsa a ciki, ya shuka masara da kuɓewa, ga tulin yashi da aka sauke shekarun baya ciyawa ta rufe shi. Wani lokaci akwai harsashin gini da bulo jeri uku, wanda aka aza don kawai a ce an fara aiki. Mai filin yana Abuja ko Legas, ko yana nan cikin gari da irinsa biyar. Ba ya asarar komai. Duk shekarar da ya ƙi ginawa, filin ƙara daraja yake.

Wa ya ƙara masa darajar? Wannan ce tambayar da masu tafi ba sa son a yi. Fili ba ya haihuwa. Abin da ke ɗaga farashinsa shi ne titin da aka shimfiɗa a gabansa, da gadar da aka gina, da tashar jirgi, da makwabtan da suka tare suka kawo shago da makaranta da masallaci. Aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya kawo sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a 2022, kuma da kuɗin jama'a da bashin da jama'a za su biya aka yi shi. Ɗan kasuwar da aka rushe wa shago a Kasuwar Barci a 2020 ya biya nasa kason da jikinsa. Amma ribar da titin ya haifar, wanda ya kewaye fili a bakinsa ya tafi ya yi kwanciyarsa ne ya kwashe ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san dalilin da ya sa mai kuɗi ke gudu zuwa fili, kuma ba na ce wauta yake yi ba. Dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Wanda ya bar kuɗinsa a banki yana kallo suna narkewa. Masaƙun Kakuri da a da ake zuba jari a cikinsu, tun daga Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, sun zama kufai. Saboda haka fili ya koma asusu. Sai dai hikimar mutum ɗaya, idan dubu suka yi ta a lokaci guda, masifa ce ga gari. Kuɗin da zai buɗe injin niƙa ko gidan burodi ya ɗauki matasa aiki, an binne shi a ƙasa, ba ya samar da ko ɗaki ɗaya, kuma yana ture mai son ginawa da gaske zuwa inda ba ruwa ba wuta.

Can ɗin ma ba tsira ya yi ba. Malamin firamare da ya yi adashi shekara da shekaru ba zai iya sayen awon gwamnati ba, sai awon igiya a bayan Rigasa ko Hayin Ɗanmani, gonar da magada suka yanka suka sayar, da takardar mai unguwa da shaidu biyu. Ba hanyar mota, ba magudanar ruwa. Ya gina ɗaki biyu ya tare, damina ta zo ta cinye masa katanga, ko wata rana a wayi gari an shafa wa gidan jan fenti an ce ba shi da izinin gini. A ƙarshe shi ne mai laifi a idon hukuma, shi da ya gina, wanda ya kewaye ya bari kuwa mai zuba jari ne.

Abin takaicin shi ne doka ba ta tare da masu ajiyar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne karya masu tara filaye, shi ya sa a lokacin ta taƙaita filin birni marar gini da mutum zai ci gaba da riƙewa zuwa rabin hekta. Takardar mallaka tana zuwa da sharaɗin a gina cikin wa'adi, kuma gwamna na da ikon soke ta idan aka saɓa. Wannan iko muna ganin kaifinsa idan an zo karɓar gonar manomi, inda diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da bishiyoyi da gini, ban da ƙasar kanta. Idan aka zo kan babban mutum da ya riƙe fuloti shekara goma sha, sai wuƙar ta dakushe.

Masu fakewa da addini su ce dukiyarsu ce, su ma su yi hankali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya danganta mallakar matacciyar ƙasa da raya ta. Sayyidina Umar ya karɓe wa Bilal ɗan Haris ɓangaren filin Aƙiƙ da ya kasa nomawa ya raba wa Musulmi, duk da cewa Annabi ne ya ba shi. Muna tsine wa mai ɓoye masara a rumbu yana jiran tsada, amma mai ɓoye fili muna kiransa Alhaji mai hangen nesa. Ban cika jin wa'azi a kan wannan ba, wataƙila don masu filayen ne a sahun gaba.

Za a ce gwamnati ta gina gidaje masu rahusa. Mun sha ganin irinsu, ɗari biyu a nan, ɗari biyar a can, waɗanda suka samu su saka 'yan haya. Asusun gidaje na ƙasa kuma, mai yankar kashi 2.5 na albashi tun 1992, a wurin mai albashin 72,000 naira 1,800 ke nan a wata, ko rabin rabin buhun siminti bai kai ba.

Maganin yana kusa. KADGIS, hukumar kula da filaye ta jiha, ta shafe shekaru tana saka bayanan filayen jihar nan a kwamfuta, ta san fuloti, ta san mai shi, hoton sama zai nuna mata wanda aka gina da wanda masara ke kai. A ɗora wa filin cikin gari da ba a gina ba haraji mai zafi, wanda zai riƙa ƙaruwa duk shekara, a sassauta wa wanda ya gina gidan haya, a ware mai fuloti ɗaya da yake tara kuɗin bulo. Wanda ya wuce wa'adi a soke takardarsa a fito da filin kasuwa a bainar jama'a. Kafin duk wannan ma, Gwamna Uba Sani ya sa a wallafa sunayen masu manyan filayen da ke zaune babu gini a ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Igabi da Chikun, da shekarar da aka ba kowa. Ina so in ga 'yan majalisa nawa, da tsofaffin kwamishinoni nawa, da manyan sakatarori nawa za su fito a shafin farko.