Masu kwatanta Kakuri da Bangaladash sun manta da Savar

Duk sa'ad da aka tayar da zancen farfaɗo da masaƙun Kakuri a Kaduna, sai ka ji an kawo misalin Bangaladash, wai ga ƙasar da ɗinkin tufafi ke ba ta fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kayan da take fitarwa. Haka ne. Amma ba kasafai ake ambaton Savar ba.

A wannan gari da ke kusa da Dhaka, babban birnin ƙasar, akwai wani fili da ciyawa ta cinye, ruwa na kwanciya a cikinsa. Nan ne ginin Rana Plaza ya taɓa tsayawa, hawa takwas, da masana'antun ɗinki biyar a ciki. Ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga ginin ya tsattsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Su kuwa maɗinka, galibinsu mata, aka ce kowa ya koma kan kekensa, wanda ya ƙi ya manta da albashi. Washegari da safe wuta ta ɗauke, aka tayar da manyan janaretocin da aka girke a saman bene, ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka jikkata.

A ganina, abin da ya kashe su ya wuce siminti mara kyau. Sun ga tsagar da idonsu. Amma mai karɓar taka 3,000 na kuɗin ƙasar a wata, wato kusan dala 38, kuma ba ƙungiyar ƙwadago a bayanta, da wane bakin za ta ce ba ta shiga? Gyaran da aka samu daga baya ma ba daga tausayin masu masana'anta ya fito ba. Yarjejeniya ce da ƙungiyoyin ƙwadago suka sa kamfanonin tufafi fiye da 200 suka rattaba wa hannu, aka binciki masana'antu sama da 1,600. Shari'ar kisan kai da ake yi wa mai ginin, Sohel Rana, kuwa ta haura shekara goma tana jan ƙafa.

Kakuri saƙa take yi, ba ɗinki ba, kuma tana da abin da Savar ta rasa: ƙungiyar ma'aikata mai haƙora. Daga masaƙar Arewa Textiles ne ai Adams Oshiomhole, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ya taso. Duk da haka, masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi ta jiran haƙƙinsu, da yawa har suka riga mu gidan gaskiya.

Don haka duk gwamnan da ke son yanka kintinkiri a Kakuri, ya fara biyan waɗannan bayin Allah. Sannan a kawo injiniyoyin da ba mai jari ne ya ɗauko su ba, su duba ginin da ya yi sama da shekara ashirin rana da ruwa na dukansa, kafin a kunna inji ko ɗaya.