Zanen gizo-gizo a jikin mota ba aikin rana ba ne

Direbobi da dama a Agege da Mile 12 sun ɗauka zafin ranar Legas ne ke jawo siraran zanen da ke zagaye a fentin mota, musamman baƙa, kamar saƙar gizo-gizo. Rana dai tona su take yi. Asalinsu ƙarzuwa ce a rufin fenti na sama, mai sheƙin nan, wanda bai kai kaurin takarda ba.

Ku lura da yaran wankin mota: tsumma ɗaya, bokiti ɗaya, ya wanke taya ya dawo kan bonet da yashinsa. Ko maigida da sassafe ya goge ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle. To, a nan ake yin ɓarnar.

Shafa kakin mota kuma ɓoye su kawai yake yi, bayan 'yan wanke-wanke sai su dawo. Abin da ke cire su shi ne a goge da injin folish, ya ɗan ci saman rufin har ya daidaita. Kada a yawaita, rufin ƙarewa yake.

Daga nan a riƙa watsa ruwa kafin a taɓa jikin, bokiti biyu (ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma), tawul mai laushi, sannan kaki. Garin sabulun wankin kaya kuwa, a bar wa tufafi.