Osaka: ga abinci ko'ina, ga mutum da yunwa

Duk wanda ya ce muku Osaka aljannar masu ci ce, ku tambaye shi ko yana cin alade. In ya ce ba ya ci, to shinkafa tsura ya yi ta haɗiya har ya dawo, kunyar faɗa yake ji. Garin nan shi suke yi wa kirari da ɗakin girkin Japan, kuma ban musa ba: ratsa unguwar Dotonbori da daddare ka ji ƙamshi, ga fitilu, ga hayaƙin gashi, ga layin mutane a bakin kowane shago. Amma Musulmi ya matsa ya ce a zuba masa, nan zai gane kurensa.

Taliyar ramen da ake ta zuzutawa, galibi romon ƙashin alade ne. Ka ce a ba ka mai romon kaza, sai ta iso da yankan alade kwance a kai. Okonomiyaki, wainar kabeji da fulawa da suke taƙama da ita, alade ake shimfiɗa mata. Kushikatsu kuwa, wato soyayyen tsirensu, a mai ɗaya ake tsoma komai, naman da albasar. Ka gudu wajen kifi kana cewa Alhamdulillahi, ashe miyar da aka shafa masa da mirin aka haɗa ta, wato giyar shinkafa mai zaƙi da ba su ma ɗauke ta a bakin giya ba. Hatta burodin kanti sai ka tsaya kana haska leda da kyamarar waya, kana neman kitse da jelatin, mutane na raɓa ka suna wucewa.

Ba ina cewa su canza girkinsu saboda ni ba, ƙasarsu ce. Abin da ya ƙona min rai shi ne tambaya ɗaya tak ta gagari amsa. Mene ne a ciki? Sai ma'aikaciya ta rusuna, ta yi murmushi, ta shige ciki, ta dawo ta gitta hannuwa a ƙirji. Akwai ne? Babu ne? Ko dai fita za ka yi? Oho. Wata ta tabbatar min babu nama, kwano ya iso da gutsattsarin naman alade mai gishiri a sama, don a lissafinta wannan ba nama ba ne. Dokarsu ta wajabta rubuta ƙwai, madara, alkama, gyaɗa, jatan lande da ƙaguwa a jikin abincin leda. Alade kuwa shawara ce kawai, wanda ya ga dama ya rubuta, kuma gidajen abinci ba ta ma hau kansu ba. Ƙasar da ta karɓi baƙi sama da miliyan 36 a 2024, garin da ya shirya baje kolin duniya a 1970 ya kuma maimaita a 2025, zana ɗan hoton alade a takardar abinci ya gagare shi? Haba!

Sai kuma otoshi. Mun zauna a wani gidan abinci ni da maiɗakina, ko baki ba mu buɗe ba aka dire mana ƙananan kwanuka biyu, loma ɗaiɗai a ciki. Na zaci karamci ne. Ba mu taɓa ba don ba mu san mene ne ba, amma da lissafi ya zo ga shi nan, kowane kai da kuɗinsa. Kuɗin zama ne, yawanci yen 300 zuwa 500, kuma babu mai gaya maka a bakin ƙofa. Suna alfahari ba sa karɓar tukuici. To wannan fa sunansa me?

Ka saya a hannu, nan ma wata fitinar. Cin abinci kana tafiya abin kunya ne, sai ka tsaya cirko-cirko a gaban mai shago. In ka kuskura ka bar wurin da kwali a hannu, ka shiga uku, don kwandon shara ya yi ɓatan dabo tun bayan harin iska mai guba a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995. Shekara talatin! Haka na yini da tsinke da kwali mai maiƙo a jaka ɗaya da sabuwar rigar da na saya.

Sayayyar ma ba ta bar ni ba. Takalmi da santimita suke auna shi, da ka wuce 28 sai a fara ba ka haƙuri. Wasu shagunan taliya na'ura ce ke karɓar kuɗi a ƙofa, tsaba kawai, kuma tsofaffin cikinsu tofo maka sababbin takardun kuɗin 2024 suke yi. Lokacin da na je, rangwamen harajin kashi 10 sai ka kashe yen 5,000, ka bi dogon layi da fasfo, sannan a liƙe maka alewa da man shafawa a leda a ce kada ka buɗe sai ka bar ƙasar.

Wuraren halal suna nan, ƴan ƙalilan, da tsada da layi, kuma da yawansu miyar kori ce ta Indiyawa da Pakistanawa ko kebab na Turkawa. Allah Ya saka musu, su suka riƙe mu. Amma don Allah, na keta rabin duniya, na biya kuɗin jirgin nan, don in ci kebab a unguwar Namba?